Kwarkwatar ido: amsa ga mai son labaran kisa da finafinan ban tsoro

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, ina zaune a Anguwan Rogo nan Jos, ina sana'ar ɗinki. Wani hali nake da shi da ya fara damuna. In na hau keken ɗinki, abin da nake saurare a waya shi ne labaran kisan kai da garkuwa da mutane da yadda aka kama masu laifi. Da dare kuma fim ɗin fatalwa da aljanu. In an turo bidiyon hatsari ko na gawa a guruf ɗin WhatsApp, sai in ce ba zan buɗe ba, amma ba na iya haƙuri sai na buɗe. Abin mamaki, ni ce ko yankan kaza ba na iya tsayawa in kalla. Maigidana ya ce zuciyata ce ta bushe, ƙanwata ta ce in nemi ruƙiyya. Shin ciwon ƙwaƙwalwa ne ke damuna, ko mugunta ce a raina ban sani ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yara, ya sa albarka a sana'a. In na fahimce ki, abin da ke ci miki rai shi ne yadda za a yi mutum ya ji tsoron abu, ya ji ƙyamarsa, amma ƙafarsa ta riƙa kai shi wurin, kuma kina jin ko wannan jan da abin yake miki shaida ce a kan irin zuciyarki. Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. A cikin wasiƙarki ban ga alamar taɓin hankali ba, ban kuma ga mugunta ba. Wadda zuciyarta ta bushe ba ta kawar da kai in za a yanka kaza, ba ta kuma zama ta rubuto tana tuhumar kanta. Sai dai kin zuba abu uku a kwano ɗaya, fim ɗin fatalwa da labarin masu laifi da bidiyon gawa, kuma a wurina nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na ƙarshen ina da magana a kansa, za mu iso wurin.

Hali ne tsoho

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja ya san abin da ke faruwa a Hawan Kibo in tirela ta faɗi. Motocin da hatsarin bai tare wa hanya ba su ma sai sun rage gudu, wuyoyi su miƙe ta taga, baki na salati, ido na neman inda jinin yake. Hausawa sun raɗa wa wannan suna tun tuni: kashe kwarkwatar ido. Kalmar tana burge ni don ta kama abin daidai. Ƙaiƙayi ne, kuma ƙaiƙayi ba ya barin mutum sai ya sosa.

Waya ba ita ta kawo shi ba. Aflatun, masanin falsafar Girka, fiye da shekara 2,300 da suka wuce ya ba da labarin wani mutum mai suna Liyontiyas da ya biyo ta bayan ganuwar Atina ya tarar da gawawwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa. Ransa na son ya duba, yana kuma jin haushin kansa. Ya rufe fuska, ya yi ta kokawa da zuciyarsa, daga baya ta kayar da shi, ya ruga wurin, ya gwale idanunsa yana zaginsu, yana ce musu to ga shi nan, su kalla su ƙoshi. Kin ga ke nan har faɗan da kike yi da kanki kafin ki buɗe bidiyo wani ya riga ki yin sa. A birnin Faris, a ƙarni na 19, akan jera gawawwakin da ba a san danginsu ba a bayan gilashi ko wani zai gane nasa, sai jama'a suka mai da wurin dandalin kallo, har da yara, sai da hukuma ta hana shiga a 1907. Mu ma nan gida, dattawan da suka zauna Ikko suna ba da labarin Bar Beach, wani bakin teku a can, inda dubban mutane suka yi cincirindo ranar 8 ga Satumba 1971 don ganin an harbe ɗan fashin nan Ishola Oyenusi.

Mai gadin da ke cikin kai

A fanninmu na nazarin halayyar ɗan Adam, ta nan muke kallon abin: ƙwaƙwalwa ba ta ba labarin alheri da labarin haɗari nauyi ɗaya. In labarin inda ake arahar atamfa ya wuce ki, kin yi asarar 'yan kuɗi. In labarin 'yan fashin da suka tare hanyar da za ki bi ya wuce ki, ƙila ba ki sake jin wani labarin ba. Shi ya sa akwai wani mai gadi a cikin kanmu da aikinsa shi ne tattara bayanin haɗari: yaya kamanninsa, ta ina yake zuwa, wa ya kama, wa ya tsira, kuma ta yaya.

Dabbobi ma suna da shi. Charles Darwin ya rubuta a 1871 cewa ya sa maciji mai rai a jakar takarda ya ajiye a kejin birai a gidan namun dajin Landan. Biri ɗaya ya matso, ya leƙa, ya zabura da gudu. Sai sauran suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa ya tsere. A dajin Serengeti na Tanzaniya kuma an lura barewa takan hango mai farautarta, maimakon ta ɓace, sai ta matso ta riƙa bin sa daga ɗan nesa tana ƙare masa kallo. Akwai kasada a cikin haka, amma barewar da ta san motsin abokin gabarta ta fi wadda ba ta taɓa ganin sa ba sai ranar da ya faɗo mata.

Ni kuwa duk lokacin da nake bayanin nan sai Huzaifa ɗan Yaman, Allah ya yarda da shi, ya faɗo mini. Bukhari da Muslim sun ruwaito ya ce mutane sukan tambayi Manzon Allah (SAW) game da alheri, shi kuwa yakan tambaye shi game da sharri, don tsoron kada ya riske shi. Kakanninmu kuma suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To ai sai ka kalli gemun tukuna.

Akwai wata mata a Amurka da masana ke kira S.M. don sakaya sunanta. Wata cuta ta lalata mata amigdala, wasu 'yan ƙullutai biyu a cikin ƙwaƙwalwa da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Masu bincike na Jami'ar Iowa sun ba da rahoto a 2011 cewa sun kai ta shagon sayar da macizai. Ita da bakinta ta ce ba ta son maciji, amma tana shiga ta nufe su, ta ɗauki ɗaya, ta yi ta roƙo a bar ta ta taɓa manyan, waɗanda aka ce mata suna da haɗari. Da aka tambaye ta dalili, ta ce son sani ne ya rinjaye ta. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, son leƙa haɗari da tsoron haɗari ƙarfi biyu ne daban, kamar totur da birki. Ita birkinta ne ya tsinke. Ke naki duka biyun suna aiki, shi ya sa kike jin ana jan ki gaba ana jan ki baya.

Sai kuma rashin tabbas, wanda shi ne ainihin kwarkwatar. A wani gwaji da Christopher Hsee da Bowen Ruan suka wallafa a 2016, an ajiye wa mutane biro masu ɗan jan lantarki in an danna su. Wasu an yi musu alamar wanne ke ja da wanne ba ya ja, wasu kuma an bar su cikin duhu. Waɗanda ba su sani ba sun fi danna birukan, alhali ba ladar komai sai zafi. Yanzu ki tuna yadda bidiyon yake zuwa miki: hoton a dushe, a ƙasa an rubuta "mai raunin zuciya kada ya buɗe". Wanda ya rubuta wannan gargaɗin, ko ya sani ko bai sani ba, talla ya yi.

Kin ce labaran masu laifi kike saurare a kan keke. Wannan ma an duba shi. Amanda Vicary da Chris Fraley na Jami'ar Illinois sun gano a 2010 cewa mata sun fi maza karkata ga littattafan laifukan gaske, kuma sun fi zaɓar wanda ke ɗauke da dabarar da wata ta yi ta kuɓuta, ko bayanin abin da ya sa mai kisan ya yi kisa, ko wanda mace ce abin ya faɗa wa. Abin da nake gani a wurin aiki bai saɓa wa haka ba. Matan da ke aiki a Abuja sun haddace labaran 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi, kamar karatu: kada ki shiga motar da kika tarar maza sun cika ta an bar kujera ɗaya, ki duba ko ƙofar na buɗuwa ta ciki, ki tura wa wani lambar motar. Lokacin da aka gano gawar yarinyar nan 'yar shekara 5 a Kano a Janairun 2022, aka kuma kama mai makarantar da take karatu, iyaye mata da yawa sun bi shari'ar har zuwa hukunci. Tambayar da ke ƙarƙashin sauraron ita ce: da ni ce, da na gane shi? Coltan Scrivner, wanda ya fitar da ma'aunin wannan hali a 2021, ya kasa shi gida huɗu: son sanin tunanin mugun mutum, da abubuwan ɓoye irin su fatalwa, da abin da ke samun jiki na rauni da mutuwa, da kallon faɗa da tashin hankali. Ya kuma nuna cewa yawancin mutane suna da rabonsu a ciki, wani kaɗan, wani da yawa.

Ina daɗin yake fitowa?

Za ki ce to, neman sani na ji, amma daɗin fa? Ki tuna yaji. Barkono zafi yake yi wa harshe, jiki na cewa wuta, hawaye na zuba, amma kai ya san ba abin da zai ƙone, sai ki ƙara barbaɗawa. Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania ya daɗe yana nazarin wannan, kuma ya sa fim ɗin ban tsoro da waƙar ban tausayi da cin barkono a layi ɗaya: jiki na ƙararrawa, hankali na zaune lafiya, daɗin yana cikin tazarar da ke tsakani. Gaba ya faɗi, tsikar jiki ta tashi, zuciya ta yi ta bugawa, sannan a kunna fitila. Wannan tashin da jiki ya yi ba ya sauka nan take, sai ya juye ya zama dariya da sakin ajiyar zuciya.

A Denmak, masu bincike na Jami'ar Aarhus sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasa da ake biyan kuɗi a shiga a tsorata. Sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna daɗin yana tsakiya ne. In tsoron ya yi kaɗan, gundura. In ya yi yawa, daɗin ya gudu. Daidai gishiri a miya.

Mu ai da wannan aka raine mu. Ga ta nan ga ta nanku, dare ya yi, ga sanyin Jos, kin lafe a jikin kaka, ana ba da labarin Dodo ya haɗiye yarinyar da ta ƙi jin magana. Kina tsoro kina cewa a ci gaba. Ki lura da yadda aka tsara abin: mai ba da labarin wadda kika amince da ita ce, kina cikin 'yan'uwa, in ta ga kin firgita da yawa sai ta sassauta, kuma dole a kai ƙarshe, a farke cikin Dodo ko a kashe shi, a ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya je ya kwanta. Haka wasan gardawa. Abin da ya sa kura a tsakiyar kasuwa ta zama abin kallo shi ne takunkumi da sarƙa. A cire su a ga ko mutum ɗaya zai tsaya.

Saboda haka fim ɗinki na fatalwa bai dame ni ba, muddin kina barci. Akwai ma binciken da Scrivner da abokan aikinsa suka yi a farkon annobar korona a 2020, da ya samu masu son finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa a lokacin. Ba na ɗora masa nauyi da yawa, don mutum ɗari uku da 'yan kai aka tambaya, kuma bai nuna ko fim ne ya ƙarfafa su ko dama masu ƙarfin zuciya ne ke son fim ɗin ba.

Kurar da ba takunkumi

A nan ne nake rabuwa da littattafan da muka karanta. Yawancin binciken nan an yi shi ne a kan mutanen da ke sayen tikiti su ji tsoro, su fito su tarar da titi lafiya. Mu a Jos mun ga rikicin Satumbar 2001, mun ga na Nuwambar 2008, mun ga na Janairun 2010. Bidiyon da ake turo miki ba tatsuniya ba ne. Hanyar da ke cikinsa kin san ta, harshen da ake kuka da shi naki ne, ba kakar da za ta sassauta, ba ƙurunƙus. Mai gadin nan ya shiga neman darasi, ya fito ba darasi, sai hoto da ya manne.

An auna wannan ma. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a Afrilun 2013, Alison Holman da Roxane Silver da abokiyar aikinsu sun tambayi mutum fiye da 4,600 a faɗin Amurka. Waɗanda suka riƙa shafe awa 6 ko fiye a kullum suna bin labarin a kafafen watsa labarai sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda ke wurin ko kusa da wurin lokacin da bam ɗin ya tashi. Wanda ke wurin sau ɗaya abin ya same shi. Mai waya kuwa yana maimaita wa kansa sau hamsin. Tun shekarun 1970 George Gerbner ya lura cewa masu yawan kallon tashin hankali a talabijin sukan ɗauka duniya ta fi yadda take haɗari, su rage yarda da mutane.

Na taɓa zama da wani matashi mai tuƙa keke-napep da ya zo da ciwon kai da faɗuwar gaba, an yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Da muka yi nisa da hira na tambaye shi abin da yake yi kafin ya kwanta, sai ya miƙo mini waya. Ya tara bidiyon rikici da na 'yan bindiga fiye da yadda zan iya ƙirgawa, yana kallo duk dare, wai don ya zama cikin shiri. Ya daina ɗaukar fasinja zuwa rabin unguwannin garin. Ba abin da ya taɓa samun sa a jikinsa. Shirin da yake ganin yana yi shi ne ya hana shi barci, ya kuma rage masa abin sa wa a baka.

Akwai kuma abin da ya wuce lafiyar mai kallo. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna cewa a rikicin watan Yunin shekarar a Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa na nan ne, alhali wani bidiyon daga Kwango Barazabil yake, tun 2012. Mutane sun gani, jini ya hau, an tare hanya, an kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda ya tura ya ɗauki kaso, ko da niyyarsa ita ce a yi addu'a. Kuma ba na manta ranar 20 ga Mayu 2014 a kasuwar Terminus nan Jos. Bam na farko ya tashi, jama'a suka nufi hayaƙin, wasu don ceto, Allah ya saka musu, wasu don gani. Bayan kamar rabin awa na biyu ya tashi. An rasa aƙalla rai 118. Waɗanda suka dasa shi sun san halin ɗan Adam, sun yi lissafi da shi.

Sannan gawar da ke cikin bidiyon ɗan wani ne. Na zauna da uwar da ta fara sanin rasuwar ɗanta ta hoton da ke yawo a waya, kuma shekaru bayan nan duk lokacin da wani rikici ya tashi sai hoton ya sake dawowa. Ni ba malamin addini ba ne, amma kowa ya san muna gaggauta yi wa mamaci sutura, Musulmi da Kirista, don mutuncinsa bai mutu tare da shi ba. Addini bai hana mu duban mutuwa ba, an ma kwaɗaitar da ziyarar maƙabarta don tana tuna lahira. Wanda ya dawo daga maƙabarta jikinsa a sanyaye yake dawowa. Wanda ya kalli gawa ta goma a waya yakan zarce ne zuwa bidiyon barkwanci. A nan maganar maigidanki tana da ɗan ƙamshin gaskiya: zuciyarki ba ta bushe ba, amma yawan kallo yana dasashe ji, kamar yadda hannun mai tuya ke sabawa da zafin kasko.

Yaushe abin ke zama ciwo

Ba na auna shi da irin abin da mutum ke kallo. Ina auna shi da abin da kallon ya bar masa. In hoton na faɗo miki kina salla ko kina cin abinci ba tare da kin kira shi ba, in barci ya ƙaurace ko mafarkai sun yi yawa, in ƙarar faɗuwar kwano na sa ki zabura, in kin fara hana yara zuwa inda ya kamata su je, in kina tashi duba ƙofa sau biyar, in kin lura na jiya bai ishe ki ba sai wanda ya fi shi muni, ko ɗinkin mutane na kwana saboda waya, to kwarkwatar ta zama gyambo. In irin waɗannan suka haura wata guda, a ga likita. Abin da ke ɗaga mana hankali sosai daban ne: mutum ya riƙa jin daɗin wahalar wanda ake azabtarwa ita kanta, ko ya fara tsara cutar da wani. Ba abin da ya yi kama da haka a wasiƙarki.

Wani abu da mata da yawa ke ɓoyewa, bari in faɗe shi ko da bai shafe ki ba. Wata tana yanka albasa sai tunani ya gilma mata, in na soki yaron nan fa? Ta firgita, ta ɓoye wuƙa, ta ɗauka labaran da take ji ne suka mai da ita muguwa. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 13 aka wallafa a 2014 ya samu kusan kashi 94 cikin 100 na mutane suna samun irin wannan tunani mai kutse. Firgitar da ya ba ta ita ce shaidar ba nufinta ba ne. In waswasin ya yi yawa har ya hana sukuni, yana da magani.

Tambayar da zan yi miki da kina gabana ita ce: kin rasa wani a rikicin garin nan, ko kin ga wani abu da idonki? Don akwai masu komawa ga irin waɗannan hotuna kamar mai taɓa raunin jikinsa, suna neman su fahimci abin da ya same su. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma wani tsayawa yake yana ta juya tsumman. In haka ne, amsar da na ba ki ba ta isa ba, kuma ta wasiƙa ba a gane ciwo. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin hauka. Batun ruƙiyya kuwa, addu'a da azkar ba sa faɗa da asibiti, ki riƙe su. Abin da ba zan so ba shi ne a ce miki aljani ne ya shige ki saboda halin da birai da barewa da Liyontiyas duk suke da shi.

Abin da zan ce ki gwada

Ki yi gwajin mako biyu. Ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar hoto da bidiyo da kansu, don ya zama sai kin sa hannu. In an turo, ki ba kanki minti goma, ki nemi labarin a rubuce ko a rediyo. Sau da yawa da zarar kin san me ya faru, a ina, wa abin ya shafa, ƙaiƙayin sai ya kwanta, don dama sani yake nema. Bidiyon gawa dai ki bar shi gaba ɗaya, kada ki buɗe, kada ki tura, kuma ba laifi ki ce wa 'yan guruf a daina. Labaran masu laifi ki ci gaba da su da rana a kan keke, ki fi zaɓar waɗanda suka kai ƙarshe, aka yi bincike aka yi shari'a, kuma mai ba da labarin yana mutunta wanda aka kashe. Fim ɗin fatalwa ki matso da shi farkon dare, ki bar awa guda tsakaninsa da kwanciya, in da hali ki kalla tare da wani. Kowace safiya ki rubuta layi ɗaya a bayan littafin awonki: yaya barcin jiya. Bayan mako biyu littafin zai gaya miki abin da ni ba zan iya gaya miki daga nan ba.

Yaran kuma ki sa abin ji a kunne in suna kusa. Yaro ƙasa da shekara 7 bai gama rarrabe abin da ke fim da abin da ke bayan ƙofa ba, manyan kuma labarin satar yara ya fi fatalwa tsorata su, don sun san yana faruwa. In kina son su sami rabonsu na tsoro mai daɗi, ki kashe fitila ki ba su Dodo da bakinki.

Shi kuwa maigida, ki ba shi amsar nan ya karanta, a cikin raha. In yana cikin masu kallon dambe, ko masu bin labarin yaƙi a rediyo har tsakar dare, to shi ma yana ɗaya daga gida huɗun nan, ɗakinsa ne kawai daban da naki. Ki roƙe shi fim na gaba ya zauna ku kalla tare, ki sa ido ki ga wa zai fara cewa a kunna fitila.